Buhunan ƙyallaye bayan Sallah: ina za mu kai su?

Telan Kofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'a. Barkanmu da shan ruwa, Allah ya maimaita mana. Akwai abin da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya, na ce yau sai na kawo shi gabanku.

Shekara 19 ke nan ina kan keken ɗinki a nan Katsina. Daga tsakiyar Sha'aban zuwa daren Sallah, mu biyar a shago, mun tara ƙyallaye buhu bakwai, irin buhun taki, kowanne sai da aka danna shi da ƙafa kafin a ɗaure baki. Shekaranjiya yaran shago suka ja uku zuwa bayan layi suka ƙyasta masu ashana. Hayaƙin baƙi ƙirin, ga wari mai shiga maƙogwaro. Wata dattijuwa da muke katanga ɗaya da ita, mai fama da ciwon fuka, ta aiko jikanta ya ce don Allah mu kashe, numfashinta na sarƙewa. Wallahi ban san sanda na ɗauki bokiti da kaina ba. Da wutar ta mutu, abin da ya rage bai zama toka ba, dunƙulewa ya yi kamar kwalta.

Yanzu ga buhu huɗu jingine bayan ƙofa. In na ba masu kurar shara, na san ƙarshenta kwalbati ko wani kango, damina kuma tana tafe. Abin da ke ɗaure mani kai, sanda nake yaron shago ƙyalle ba ya kwana biyu wurinmu. Masu katifa su zo, mata su aiko yara, makanikai su kwashi na goge hannu. Yau ko kyauta ka ce a ɗauka ba mai waiwayarka. Mi ya canza? Ku telolin da ke nan, ya kuke yi da naku?

Telan Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam. Mu ma ƙonawa muke, sai dai da asuba kafin mutane su fito. Ba son ranmu ba ne, wurin ajiya ne babu.

Mai Katifa:
Maigida, ni zan ba ka rabin amsa tunda mu ne muka daina zuwa. Na farko, katifar soso ta cinye kasuwarmu a birni. Amarya yanzu ba ta yarda a kai ta da katifar ƙyalle ko ta audugar rimi. Sai ƙauye da almajirai, sai kuma matashin kai da na kujera. Na biyu, ƙyallen kansa ba shi ne na da ba. Na auduga in ka yayyanka shi ka cusa, yana kwanciya, yana shan zufa, in ya daskare ka farke ka shanya a rana ka buga shi da sanda ya tashi. Wanga na yanzu santsi gare shi, yana guduwa gefe guda cikin katifa, ga zafi kamar ka kwanta bisa leda. Wata biyu mai saye zai dawo maka da ita. In za ka ware mani na auduga zalla, gobe ma sai in turo yaro da kura.

Ɗalibi daga Batagarawa:
Baba mai katifa ya taɓo ainihin wurin. Ni kimiyyar sinadarai nake karantawa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, bari in ɗan ƙara. Yawancin yadin da muke kira mai roba, foliyesta ne, daga man fetur ake yin sa, dangin abin da ake yin gorar ruwan roba ne. Fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa yau shi ne. Shi ya sa da aka ƙona ya narke ya dunƙule. Ƙasa ba ta cin sa, gara ma ba ta cin sa. Tsumman auduga in ya faɗa juji damina ɗaya ko biyu ya ruɓe ya bi taki zuwa gona, wannan kuwa zai kai jikokinmu yana nan.

Gane shi ba wuya. Yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa, riƙe da almakashi, kusanta shi da wuta a waje inda iska ke bi. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, warinta ma na takarda ne, tokarta kuma laushi, ka murza ta bi iska. Roba tana noƙewa ta guje wa wutar, ta ɗiga, ta bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri. Mai wahalar shi ne gauraye, rabi auduga rabi roba. Shi ne ma ya fi ba masana'antun Turai ciwon kai, domin raba zaren biyu bayan an saƙa su tare aiki ne mai tsada.

Mahauci:
Ku ƙara da dabbobi cikin lissafi. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba mun farke tumbin akuya ko saniya mu tarar da leda da tsummokara sun murɗe sun zama dunƙule guda. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita na ta sayen magani, ashe bola ta yi kiwo. Duk wanda ya zubar da ƙyalle a fili ya sani akwai bakin da zai ɗauka.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa:
Yarana, kun tayar mani da tsohon miki. Ni mutumin Malumfashi ne, na yi shekara 22 a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna kafin in dawo gida. Bari in faɗa maku yadda tufa take tafiya a da, don ku ga inda igiyar ta tsinke.

Kaɗa a gonakinmu take fitowa, Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ƙanƙara. Ba abin da ake yarwa a jikinta. A gurje ta, angurya ta tafi wurin mai da abincin shanu, karan ya shiga murhu. Kakata tana shiɓa da kanta, ta yi kaɗi da mazari da ɗan allinta a gefe, ta kai wa masaƙi abawa da zare. Shi kuma ya saƙo ƙwarya-ƙwarya, siriri, a jera a ɗinke. Wanda ya san wahalar da aka sha kafin a sami ƙwarya ɗaya ba zai sa almakashi ya yi mata yankan banza ba. Ku dubi babbar riga ta asali, ku dubi zane, ku dubi gwado: kusan duk miƙaƙƙen yanka ne, ba abin da ke faɗuwa ƙasa sai zare.

Riga in ta koɗe ba a yar da ita. A kai marina a sake tsoma ta cikin baba, a kai mabuga a buge ta, ta dawo tana ƙyalli. Marinar Kofar Mata a Kano har yau tana nan, amma a da kusan kowane gari yana da karofinsa. In ta gaji a jikin maigida ta zama kwance, ƙane ko bara ya samu. Daga nan a rage ta a yi wa yaro. Daga nan ta zama majanyi ko gammo ko tsumman tukunya. Ƙarshenta a murza ta a yi lagwanin fitilar aci-bal-bal. Tufa ɗaya sai ta yi rayuwa biyar ko shida.

Ko da masana'antu suka zo, auduga dai muke saƙawa. Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, sauran suka biyo baya, nan jiharmu ma aka kafa ta Funtuwa. In aka tashi aiki a Kakuri, kekuna ba ka iya ƙirga su. Guntayen yadin da suka fito da aibu a kilo ake sayar da su, mata su yi wa yara kaya. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) kuma a 2007. Wuta babu, baƙin mai ya yi tsada, injuna sun tsufa, kaya na shigowa ta bayan fage a farashin da ba za ka iya karawa da shi ba. Da muka daina saƙa namu, sai muka koma sayen abin da aka kawo mana, abin da aka kawo kuwa shi ne a buhunan ɗana tela.

Telan Kofar Marusa:
Allah ya ƙara girma Baba. Maganar yanka gaskiya ce. Kaftani da wando in na yanka, abin da ke zuba kaɗan ne. Ɗinkin mata na zamani shi ke cika buhu: a fitar da ƙugu, a yi baza a ƙasa, a bi zanen fure don hannun dama ya dace da na hagu. Wani ɗinkin, turmi guda mai yadi 6, sai ka ga abin da ya zube ya isa rigar jariri biyu, amma duk a karkace yake, ba ya haɗuwa.

Maman 'Yan Biyu, Daura:
Ni dai a gafarce ni, ina ganin mun tsaya kan ƙyallen da ya faɗi ƙasa mun bar wanda ke cikin akwati. Da na ga wannan zance sai na tashi na buɗe durowata na ƙirga. Anko 14 na yi cikin shekara biyu. Guda tara sau ɗaya na sa su. Biki ɗaya sai a fitar da na kamu, na yini, na walima, dangin ango da nasu, ƙawayen uwar amarya da nasu. In ba ki yi ba a ce ba ki da kara. In kin sake sawa a wani taro a gane ankon bikin wance ne. Kuma yawancinsu wanki biyu sun zuba, ko kyauta kika ba wata sai kin ji nauyi.

Amma akwai atamfa 'yar Holan da aka sa wa mahaifiyata a lefe. Ita ta goye ni da ita, ni ma da ita na goyi 'yan biyuna, har yau launinta bai gudu ba. To wanne ne mai tsada a cikinsu?

Hajiya Mai Atamfa:
'Yar'uwa, na ji ki, amma kada a yi wa anko kuɗin goro. Ni sana'ata ce, ba zan ɓoye ba, da shi nake biya wa yara makaranta. Sai dai ki tuna dalilin da ya sa mata suka karɓe shi. A wurin biki matar mai kuɗi da matar mai gadi in suka sa atamfa ɗaya ba mai raina wata. Kafin anko, wata ba ta zuwa biki saboda ba ta da leshin da za ta shiga tsara. Anko sutura ne ga marar hali.

Inda na yarda da ke shi ne yawan. Kuma gaskiya ce mai arha muke kawowa. Uwar biki za ta ce mani, Hajiya a samo wadda kowa zai iya saye. In na je Kantin Kwari na ɗauko mai kyau, rabin mutane ba za su karɓa ba, kaya su kwana a hannuna. Dole in ɗauko wadda na san ba za ta yi shekara ba. Ni ma ba na jin daɗin haka.

Maman 'Yan Biyu, Daura:
Hajiya, marar halin da kike karewa ita ce ke cin bashi ko ta zuba kuɗin adashinta don ta fita kunya. Na ga wadda ta sayar da tunkiyarta saboda anko uku a wata ɗaya. A bikin ƙanwata da ya wuce mun ce launi kawai: kowa ta sa shuɗi, ko sabo ko tsoho. An yi gunaguni kwana biyu, ranar biki kuwa hotuna sun yi kyau, ba wadda ta ji kunya.

Hajiya Mai Atamfa:
Wannan a danginku ya yiwu. Wani dangin in kika faɗi haka sai a ce rowa ce. Amma anko ɗaya mai kyau a madadin uku marasa kyau, wannan zan iya tallata shi da bakina, ribata ma ba za ta ragu sosai ba.

Ɗalibi daga Batagarawa:
Abin da iyayenmu mata ke faɗa shi ne ciwon duniya gaba ɗaya. Gidauniyar Ellen MacArthur ta Ingila ta fitar da rahoto a 2017 cewa yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya ninka tsakanin 2000 da 2015, kuma abin da ake mayarwa ya sake zama sabuwar tufa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A lissafinsu, duk daƙiƙa ɗaya ana binne ko ƙona abin da ya kai cikin motar shara guda. Rarar kuma ina take zuwa? Wurinmu. Kasuwar Kantamanto a Akra ta Gana tana karɓar gwanjo wajen guda miliyan 15 duk mako, masu bincike a can sun ce kusan kashi 40 cikin 100 shara yake zama, har ya toshe bakin teku. A hamadar Atakama ta Chile ma tsaunin tufafi ne aka jibge. Ni a ganina gwanjo hanya ce da masu kuɗi suka samu ta kwashe bolarsu su kawo mana, mu kuma mu biya.

Ɗan Gwanjo:
Ɗan'uwa ɗalibi, a yi mana adalci. Shekara 11 ina ɗauko dila, wato ɗaurin kayan gwanjo, a kasuwar Kofar Wambai ta Kano ina kawowa Katsina. Kai da kake maganar kada a yar da tufa, wa ya fi mu hana a yar da ita? Rigar da wani ya sa sau uku ya gaji da ita, mu muke kai ta jikin wanda zai sa ta shekara uku. Ka fito lokacin hunturu ka ga wa ke tufatar da 'ya'yan talakawa. Rigar sanyi, safa, bargo, wandon makaranta. Uba mai yara takwas ya je kanti ya saya masu sababbi? Da wane kuɗi?

Amma tunda gaskiya ake faɗa, dila ta lalace. Da in ka yanke ɗaurin, kaya masu nauyi za ka gani, lamba ɗaya ta fi yawa. Yanzu sai ka tarar da riguna sharara kamar tsumman tace koko, wuya ya saki, wasu da tabon da ba ya fita. Kuma a rufe kake saye, sai ka biya za ka ga abin da ke ciki. Dilar da na buɗe kafin azumi, abin da ban iya sayarwa ko a gwanjon ƙarshe ba ya cika buhu. Na auduga makanikai da masu wankin mota sun karɓa. Na roba yana nan, ni ma tambayar da tela ya yi ita ce a bakina.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa:
Ɗana mai gwanjo, ba na zarginka, abinci kake nema. Amma ka san tsofaffin tufafi suna cikin jerin kayan da Kwastan ta hana shigowa da su ƙasar nan, duk da haka ba kasuwar da babu su. Ta Kwatano suke sauka su zagayo. Duk dila ɗaya da ta shigo, wani tela ya rasa ɗinki, wani manomin kaɗa ya rasa mai saye.

Ɗan Gwanjo:
Baba, da girmanka, ko an hana gwanjo yau gobe masaƙa ba za ta tashi ba. An rufe iyakoki daga Agustan 2019 har Disambar 2020, mu nan da Jibiya da Kongolam ke kusa da mu mun ga abin da ya faru. Kaya sun yi tsada ne kawai. A 2019 ɗin ne kuma Babban Banki ya hana masu shigo da yadi canjin dala, aka raba irin auduga ga manoma. Ina masaƙun da suka buɗe? Sai an gyara wuta tukuna. In an hana gwanjo ba a yi haka ba, sabon yadin roba na Sin ne zai cike gurbin, shi kuwa ya fi gwanjo saurin mutuwa.

Ɗalibi daga Batagarawa:
Na karɓi gyara, na yi gaggawa da na haɗa ku duka. Hanawar ma ba sauƙi gare ta ba. Ruwanda ta ƙara haraji mai yawa kan gwanjo a 2016, Amurka ta mayar da martani a 2018 ta janye wa tufafin Ruwanda rangwamen harajin shiga kasuwarta da take ba ƙasashen Afirka, wanda ake kira AGOA. Abin da nake ganin ya dace a nema shi ne su tace kayansu tun can. Faransa ta yi doka a 2020 da ta hana kamfanoni lalata kayan da ba a sayar ba, Tarayyar Turai kuma ta wajabta wa ƙasashenta tattara tsofaffin tufafi daban da sauran shara daga Janairun 2025. Tsorona shi ne, in suka tara da yawa ba su da inda za su sarrafa, dilar yayana mai gwanjo ce za ta ƙara cika da tarkace.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Abu biyu zan faɗa. Ayar da ta ce mu riƙi adonmu a wurin kowane masallaci, a Suratul A'araf aya ta 31, ita ce kuma ta ƙare da hana ɓarna. Ado halal ne, ba mai hana mace ta yi kyau ranar biki. Amma tufa tara da aka sa sau ɗaya aka rufe, alhali maƙwabciya na da zane biyu, ya kamata a fitar da su. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗinke tufarsa yana gyara takalminsa da hannunsa. Faci ba abin kunya ba ne, mu ne muka mayar da shi haka.

Na biyu ga teloli. Ragowar yadi ta mai yadi ce. Ɗan abin da al'ada ta san ba mai nema, ba laifi. Amma wanda zai yi hula ko aljihu ko rigar jariri, a mayar ko a nemi izini kafin a ba wani.

Telan Kofar Marusa:
Allah ya gafarta Malam, wannan muna kiyayewa gwargwado. Nakan naɗe ragowar in sa cikin ledar kaya. Da yawa sai su ciro su ajiye mani bisa tebur su ce mi zan yi da shi. Wani kuma yadi 4 ya ishe shi, amma an riga an yanko mashi 5 a kasuwa don haka aka saba. Da mutane za su fara zuwa a auna su kafin su sayi yadi, da an rage asara tun daga tushe. Daga yau dai zan riƙa tambaya, wanda ya ce ya bar mani in sa a buhun sadaka.

Malama Mai Koyar da Ɗinki, Daura:
Tun safe nake bin zancen nan ina jiran in sami sarari. Ina koyar da mata da 'yan mata ɗinki a zauren gidanmu, ba nisa da rijiyar Kusugu. Abin da kuke ƙonawa shi muke nema ido rufe. Mai koyo ba a ba ta sabon yadi ta ɓata, da ƙyalle take koyon miƙe layi. Bayan haka muna haɗa guntayen atamfa mu yi zanen gado da rigar filo, muna yin jakar Islamiyya, da 'yar jakar kuɗi, da abin ɗaure gashi. Siraran da ba su ɗinkuwa muna yanka su tsawon yatsa mu tsattsarga a jikin buhu, ya zama abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Wannan ko na roba ne yana yi, ya ma fi saurin bushewa.

Wanda ya fi mani muhimmanci shi ne ƙunzugun da ake wankewa. Audugar mata ta kanti ta yi tsadar da wasu 'yan mata ke zama gida kwanakin al'adarsu, ba sa zuwa makaranta. Muna ɗinka shi da auduga mai laushi ninki-ninki, mu koya masu wankewa da sabulu da shanyawa a rana sosai. A nan roba ba ta da amfani ko kaɗan a ɓangaren da ke taɓa jiki, dole sai auduga tsantsa, shi ya sa gwajin da ɗalibi ya kawo ya yi mani daɗi.

Matsalarmu biyu. Kasuwa: mace za ta yaba zanen gado, da ta ji da guntaye aka yi sai ta ce kayan tsumma, ta taya shi rabin kuɗi, alhali aikinsa ya ninka na yadi guda. Sai kuma yadda ƙyallen ke zuwa mana. Teloli na share shi da ƙasa da ɓawon gyaɗa da ledar ruwa su cusa a buhu. Wata ɗalibata karyayyar allurar keke ta shige mata yatsa har sai da aka kai ta asibiti. Don Allah in za a ba mu, a ajiye kwali kusa da teburin yanka, ƙyalle ya faɗa ciki tun bai taɓa ƙasa ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Malama, ki aiko mani da zanen gado biyu da jaka biyar in rataye a shago. Ba zan ce guntaye ba ne ko ba guntaye ba, zan ce aikin hannu ne na matan Daura, wanda kuma gaskiya ne. Ina da ƙarshen turame da samfura da rana ta ɗan taɓa, zan haɗa maki.

Maman 'Yan Biyu, Daura:
Ni kuma tara ɗin nan zan fitar. Masu kyau uku akwai waɗanda zan ba, sauran Malama ki turo yarinya ta ɗauka a farke.

Telan Sabuwar Unguwa:
Ni tsorona lokaci. Cikin azumi ko barci ba mu samu, wa zai tsaya tantance auduga da roba?

Mai Katifa:
Tela ai hannunka ya riga ya sani. Tun kana yanka ka san shaddar kirki, ka san wadda ke zamewa ƙarƙashin almakashi, ka san wadda dutsen guga ke kamawa. Kwali biyu ne kawai a maimakon ɗaya.

Telan Kofar Marusa:
Jama'a na dawo da bayani. Daren jiya bayan isha'i muka zazzage buhu huɗun nan bisa tabarma, ni da yara uku, muka yi ta tsinta har sha biyu ta wuce. Wanda muka yi shakka muka gwada da wuta yadda ɗalibi ya ce. Auduga ƙanana sun ba da buhu ɗaya da 'yan kai, na mai katifa ne, ka turo yaronka bayan la'asar. Manyan da za su ɗinku sun kusa rabin buhu, mun kakkaɓe su mun ninke, allura shida da reza biyu muka tsinta a ciki. Malama, zan ba direban Daura gobe da safe, ki sa a tare shi a tasha.

Sauran buhu biyu roba ce zalla, ƙanana ƙwarai. Na hana yara ƙonawa, suna nan bayan ƙofa.

Malama Mai Koyar da Ɗinki, Daura:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Cikin na robar ma a duba, duk wanda ya kai tsawon yatsa a haɗo mani da shi, zai shiga abin goge ƙafa. Wanda bai kai ba kuma a riƙe tukuna, zan tambayi masu yin kujerun kushin na nan ko suna cusa irinsa.